Yadda ake ceto tsohuwar akori-kura daga tsatsa

Da wuya ka shiga babban gareji a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba ka ga tsohuwar akori-kura an ɗora ta a kan duwatsu ba, tayoyi sun kwanta, fenti ya koɗe, bodi ya yi ja. Galibi Peugeot ce, ko dai 404 wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, ko kuwa ƙanwarta 504 da ta fito a 1968. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, shi ya sa kayan gyaranta da masu saninta ba su yanke a ƙasar Hausa ba. Injinta ba shi da kwamfuta, duk bakaniken da ya kwana biyu a sana'a zai iya kwance shi ya mayar. Abin da ke kai irin wannan mota kwalema yawanci tsatsa ce, kuma wanda bai fahimci halinta ba, zai kashe kuɗi ya maimaita.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe da ruwa da iska suka haɗu. Iskar da muke shaƙa ce ke cin ƙarfen, ruwa kuma shi ke ba ta hanya. Goran-ruwa ma iska na taɓa shi, amma ɓawon da ke fitowa a kansa siriri ne mai ƙarfi, yana manne wa ya tsare abin da ke ƙasa. Ɓawon ƙarfe kuwa yana kumbura ya fi ƙarfen da ya fito daga cikinsa girma, ya tsattsage, ya riƙe danshi a jikinsa. Saboda haka tsatsa ba ta tsayawa don kanta. Wadda ta fara fitowa ita ke shayar da ta bayanta. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri.

Mutum zai yi tsammanin motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar ƙasa ta tsira. Amma akori-kura motar aiki ce. Da damina taɓo yana cushewa a cikin madigadi da saman sifirin da lungunan shasi, ya yi makonni bai bushe ba. A bayanta an ɗauki takin zamani, wanda gishiri ne a haƙiƙa, an ɗauki awaki da tumaki sun yi fitsari, an ɗauki buhunan gishiri da kanwa. A gaba kuma ruwan batir yana ɗiga a kan mazauninsa. Robar gilashi idan rana ta busar da ita sai ruwan sama ya bi ya kwanta a ƙarƙashin ledar ƙasa, inda direba ke ajiye ƙafa. Ƙofofi suna da 'yan ramuka a ƙasansu don ruwa ya fita. Ƙura na toshe su, sai ƙofa ta ruɓe daga ciki. Yawancin tsatsar mota daga ciki take fitowa, shi ya sa ƙurjin da ka gani a fenti ɗan kaɗan ne daga ɓarnar da ke bayansa.

Aikin farko shi ne bincike, kafin a sayi ko gwangwanin fenti ɗaya. A wanke motar sosai, musamman ƙasanta, a ɗaga ta, a shiga da tocila da guduma da sukundireba. Lafiyayyen ƙarfe idan aka ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi. Ruɓaɓɓe sai ka ji dum, ɓawo na zuba. Inda sukundireba ta shige, wurin ya mutu. A bi bodi da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cike wurin da fila. A nan ake raba tsatsa kashi uku. Akwai ta sama, wadda gogewa ke kawar da ita. Akwai wadda ta yi zanzana a ƙarfe amma ba ta huda ba. Akwai wadda ta huda, kuma wannan ba ta da magani sai yanka. Wuraren da suka fi muhimmanci su ne dogayen ƙarafan shasi, da inda sifirin da shokozoba ke ɗaure, da mazaunin akwatin sitiyari. Idan waɗannan sun ruɓe gaba da baya, sau da yawa ya fi sauƙi a nemo wata gawar motar a kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa mai lafiyayyen ƙashi, wannan kuma ta zama ta cirar kaya.

Daga nan sai kwancewa. A cire akwatin baya, kujeru, gilasai, wayoyi, da tankin mai. Tanki kam dole ya fita kafin wutar walda ta matso, domin tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari: tururin da ya rage shi ke fashewa. A ɗauki hoton kowane haɗi da waya, a zuba notuna a leda a rubuta inda suka fito. Notin da ya cije a jiƙa shi da mai a bar shi ya kwana, ko a ɗan gasa shi, maimakon a murɗa ya karye a ciki.

Kankare tsatsa ana yin sa da burushin waya da samfefa da injin gurza. Masu hali suna feshin yashi da iska mai ƙarfi, wanda ke shiga kowane rami, sai dai yana iya lanƙwasa faffaɗan ƙarfe siriri kamar bonet da rufi, ƙurarsa kuma tana lalata huhu idan ba a rufe hanci da abin kirki ba. Akwai kuma ruwan magani mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsa wani baƙin ɓawo da fenti ke iya kamawa. Amfaninsa a kan 'yar tsatsar da ta maƙale a cikin zanzana ne. Ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi.

Walda ita ce zuciyar aikin. Ƙa'idar ita ce a yanka har sai an kai ga ƙarfe mai haske da cikakken kauri, ko da ramin zai ninka. A ɗauki siffar ramin da kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na wurin, wanda a bodi bai cika wuce milimita ɗaya ba, a buga shi ya ɗauki lanƙwasar wurin. An fi so a haɗa baki da baki. Idan aka ɗora faci a kan tsohon ƙarfe, tsakanin biyun ya zama ma'ajiyar ruwa, kuma daga nan tsatsa za ta sake tashi. Zafi ma abin tsoro ne: ƙarfe siriri yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, sai ya murɗe. Gwanin mai walda ba ya jan wuta a layi ɗaya. Yakan ɗiga nan, ya tsallaka can, ya jira ya huce, har ɗigon su haɗu. Waldar kabaid da aka saba da ita tana baza zafi da yawa, don haka ta fi buƙatar wannan haƙurin. Kafin a yanke babban wuri kamar dokin ƙofa, a tokare ɗakin direba da ƙarfe, in ba haka ba ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba.

A nan ne ake yawan yin ha'inci. Cike rami da fila ya fi walda sauri da araha, ranar karɓar mota kuma ba mai ganewa. Amma fila tana shan danshi ta baya, kuma shafa ta a kan tsatsa kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Aikinta kawai ta daidaita 'yan ƙananan kwari bayan fanalbita ya gama bugu, kaurinta kada ya wuce milimita biyu zuwa uku. Ƙarfen da aka kankare kuma ba a barin sa tsirara ya kwana da damina; a ranar ake fesa masa fentin share fage, wanda mai ifoksi ya fi tsare ruwa. A toshe bakin walda da abin liƙi, a fesa kakin zuma ko mai a cikin shasi da ƙofofi, a buɗe ramukan fitar ruwa. Fenti mai ƙyalli shi ne na ƙarshe.

Injin ya fi sauƙi. Injinan fetur na 404 da 504 suna da silib da ake zarewa, don haka ana iya sauya silib da fistin da ringi ba tare da an kai bulok wurin kwarzana ba. Wanda ya daɗe a ajiye a cire fulogi, a zuba ɗan mai, a juya shi da hannu kafin a yi masa kiyi. A wanke tanki da kafireta da lagireto. Birki kuwa ba a yi masa kwaskwarima: man birki yana jan danshi, yana cin bututu daga ciki, saboda haka a sauya mai da robobi da duk bututun da ya yi ja.

Wanda kuɗinsa bai kai ya gama gaba ɗaya ba, ya bi wannan jerin: shasi, birki da sitiyari, inji, bodi, sannan fenti. Motar da aka tsaya a tsakiyar wannan jerin tana iya kai kaya kasuwa ta dawo lafiya ko da launinta uku ne. Bayan an gama kuma, a shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, a wanke ƙasanta duk ƙarshen damina, a sake fesa mai a lunguna. Ƙarfe da iska suna nan kullum. Ruwa kaɗai mai mota ke iya hanawa.