Kwaskwarimar Babur: Me Doka Ta Hana, Me Ake Kamawa a Titi?

Da wuya sabon babur ya yi wata guda a hannun matashi bai kai shi wurin bakanike an taɓa wani abu ba. Wani madubi yake fara cirewa, wai da shi babur yana kama da na dattawa. Wani a fasa masa salansa don a ji tahowarsa tun daga bakin layi. Ɗan acaɓa da mai dakon kaya kuwa lissafinsu daban ne: a ƙara tsawon kujera, a yi wa kariya walda, a sa shoka mai ƙarfi, don Boxer mai ƙaramin inji ya ɗauki abin da ya kamata a ɗora wa a-kori-kura. Kowa ka tambaya, amsarsa ɗaya ce: da kuɗina na saya.

Kuma yana da gaskiyarsa. Babu dokar Najeriya da ta hana mutum yi wa babur ɗinsa ado. Sitika, sabuwar rigar kujera, geza a hannu, duk ba ruwan hukuma. Inda magana take canzawa shi ne idan kwaskwarimar ta taɓa abin da Ƙa'idojin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na 2012 suka wajabta. An fitar da su ne a ƙarƙashin dokar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta 2007, kuma sun buƙaci abin hawa ya kasance da birki mai ci, fitilu masu aiki, lambar rajista da ake iya karantawa, da salansa mai rage ƙara. Jiniya ba ta kowa ba ce. Wanda ya liƙa fitila mai walƙiya ja da shuɗi irin ta jami'an tsaro, shi ya aika wa ɗan sanda goron gayyata.

Salansa ita ce aka fi rigima a kanta, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. A cikinta akwai ɗakuna da faranti masu huji da suke karya ƙarfin iskar da ke fitowa daga inji. Masu fasa ta sun yi imanin babur yana ƙara gudu. A inji mai cc 100 ko 125, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Kunne ne kawai yake yaudarar mai shi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ma'aunin iska da fetur da kamfani ya saita a kafireta ya rikice, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima, bawul ya ƙone kafin lokacinsa. Ban da ƙa'idojin hanya, hukumar kula da muhalli ta NESREA ta fitar da nata ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009. Sai dai ka taɓa ganin jami'i a bakin titi riƙe da na'urar auna ƙara? Kunnensa ne ma'auni. Duk dokar da ma'auninta yake kunnen mutum kuwa, ƙarshenta ciniki ne, kuma shi ya sa babur ɗaya zai wuce shinge uku lafiya a tsare shi a na huɗu.

Amma laifin salansa, komai zafinsa, a tara yake ƙarewa. Canjin da ke kai mutum bayan kanta shi ne wanda yawanci ba a ɗauke shi kwaskwarima ba: sauya inji. Inji ya buga, an shiga kasuwar 'yan gwangwan an samo na hannu mai rahusa, bakanike ya ɗaura, an ci gaba da neman abinci. Ba wanda ya tuna cewa kowane babur yana da lambobi biyu da aka buga a jikin ƙarfe, ta inji da ta firam, kuma su ne aka rubuta a rasit da takardun rajista. Ranar da ɗan sanda ya durƙusa ya goge maiƙon ya ga lambar ba ta dace da takarda ba, magana ta tashi daga laifin hanya ta koma zargin sata. A ƙasar da ake sace babur a ƙofar masallaci a wargaza shi kafin la'asar, ba za a ce ɗan sandan ya yi zaƙewa ba. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, kuma "wallahi saya na yi" ba ta wadatarwa idan babu rasit. Mafi muni shi ne lambar da aka goge da giranda ko aka sake bugawa. Ƙa'ida ita ce a sanar da ofishin rajista idan an canza inji, haka ma idan za a canza launin fenti, a gyara takardu su dace da abin da ke ƙasa.

Abin mamaki, canjin da ya fi kisa shi ne ya fi samun sassauci. An ƙera birki da taya da firam ne bisa wani nauyi. Idan aka tsawaita kujera aka ɗora mutum huɗu, nauyi ya koma baya, tayar gaba ta rage riƙe ƙasa, tazarar da babur ke buƙata kafin ya tsaya ta ƙaru, waldar da aka yi a bakin hanya kuma tana jiran ramin da zai ɓalle ta. Doka fasinja ɗaya ta sani. A jadawalin tarar dokar 2007, lodi fiye da ƙima naira 10,000 ne, hawa babu hular kwano naira 2,000. Tarihin hular ma abin dariya ne da takaici: da aka fara tilasta ta a ranar 1 ga Janairun 2009, sai ga wasu 'yan acaɓa da ƙwarya a ka, an shafa mata fenti an ɗaure da igiya.

To wa ke da ikon kamawa? Nan ne mai babur yake ruɗewa, don masu kaki sun yi yawa. Akwai 'yan sanda, akwai jami'an FRSC, wadda aka kafa a 1988, akwai 'yan VIO masu duba lafiyar abin hawa, sannan jihohi da nasu, kamar KAROTA a Kano da LASTMA a Legas. Iyakar ikon kowa har kotu ake zuwa a kanta. A watan Oktoban 2024, Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da hurumin tsayar da abin hawa a titi, ƙwace shi, ko cin tara. Hukuncin a kan na Abuja aka yi shi; kada wani ya ɗauke shi ya je yana yi wa jami'in wata jiha tsiwa. Tarar FRSC kuwa takardar laifi ake rubutawa, a biya ta banki zuwa asusun gwamnati, wanda bai yarda ya yi laifi ba yana da damar zuwa kotu. Kuɗin da aka dunƙule aka miƙa a bakin titi ba tara ba ne, kuma ba ya hana a sake kama babur ɗin gobe a kan laifin jiya.

Sai kuma dokokin jihohi, waɗanda sukan fi na tarayya cizo. Legas ta hana babura bin manyan tituna 475 a dokarta ta 2012, ta bar ƙofa ga na aike masu inji cc 200 zuwa sama, daga baya kuma ta riƙa murƙushe waɗanda ta kama. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Tun daga lokacin, a jihohin da ke fama da 'yan bindiga, da idon tsaro ake kallon babur. Lambar da aka cire, ko aka lanƙwasa, ko aka rufe da sitika don gayu, jami'in da ke kan shinge ba gayu yake gani ba. Haka ma ƙarin tanki ko jarkoki a gefe, a yankin da aka hana sayar da fetur a jarka.

Idan muka koma kan sauya inji, wanda zai sayi injin hannu, ya sa mai sayarwa ya rubuta lambar injin a kan rasit, tare da sunan shago da kwanan wata, ya haɗa da takardun asali ya kai ofishin rajista kafin ya hau titi.