Ciyawar Roba: A Kira Ta da Sunanta Kafin a Shimfiɗa Ta

Duk wanda ya leƙa sababbin gidajen biki da makarantun kuɗi a Kano ko Gusau zai ga wani koren shimfiɗi da aka yanka shi siffa-siffa: nan tauraro, can jinjirin wata, gaba kuma dagin Arewa. Sunansa a kasuwa ciyawar roba. Da yake abin da birni ya yi yau shi ƙaramar hukuma ke kwaikwaya gobe, ina so in ja hankalin masu makarantu da shugabanninmu a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi tun kafin a sa hannu a kwangila.

A matsayina na ɗalibin harshe, sunan ne ya fara tsaya mini a rai. Abin da Bakano ke kira ciyawa, mu a Zamfara haki muke cewa, kuma kowane haki da sunansa da aikinsa. Gamba ake saƙa zana da ita, kyasuwa da harƙiya abincin dabba ne, ƙiri-ƙiri kuwa ita ke riƙe ƙasa. Wannan baƙuwa ba ta yin ko ɗaya daga ciki. Darduma ce ta leda, kuma da an kira ta haka, da mai saye ya yi tambayoyin da suka dace.

A birnin Hustan na Amurka ta yi suna. A 1966 aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome, bayan ciyawar gaske ta mutu saboda rufin filin ya tare mata rana. Wato ta yi suna ne a wurin da babu rana, mu kuwa rana ce ta yi mana yawa.

Aikin shimfiɗa ta ba wasa ba ne. Sai an kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa da garin dutse, a daɓe, a bar gangare domin ruwa ya wuce. Sannan a zana siffar, a yanka da wuƙa ta baya, a haɗa gaɓoɓin da gam, a watsa yashi a taje. Yawan lanƙwasa a zane, yawan gaɓoɓi, kuma daga gaɓa take fara ɗagowa idan rana ta gasa gam ɗin ko damina ta jiƙa ƙarƙashinta. Ga kuma asarar gutsattsarin da aka yanke, wanda mai gida ne ke biyan kuɗinsa.

Babbar matsalar ita ce zafi. A watan Afrilu zafin yankinmu kan haura digiri 40, kuma a Amurka an sha auna saman irin wannan shimfiɗi ya wuce digiri 60 da rana tsaka. Mai karatu ya dubi yaron firamare da zai faɗi a kai lokacin tara. Bayan shekara takwas zuwa goma kuma sai ta ƙoƙe, ta zama sharar da ba ta ruɓewa. Ko a Turai an fara ja da baya: a 2023 Tarayyar Turai ta yanke hana sayar da ɓarɓashin robar da ake zuba mata a filayen ƙwallo daga 2031.

Ban ce a haramta ta ba. A inuwar baranda, ko dandamalin ɗaukar hoto a gidan biki, tana da kyau, ba ta kuma shan ruwa. Amma filin makaranta da shataletalen gari, a dasa musu darbejiya da ƙiri-ƙiri, masu sanyaya wuri suna sabunta kansu kowace damina.

Kada mu manta, hakin gaske na cikin abubuwan da suka haddasa mana fitina. Cinye makiyaya da burtali na daga tushen rikicin da ya ɗaiɗaita ƙauyukan Zurmi, ya kuma raunana kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Ƙasar da ake zubar da jini a kan haki ba ta dace ta kashe kuɗin jama'a wajen sayen hotonsa ba. Allah Ya ba shugabanninmu basirar bambance ado da buƙata, amin.