YADDA GIDAN TARIHI YA FARFAƊO DA TATTALIN ARZIKIN BIRNIN BILBAO

Birnin Bilbao, hedkwatar lardin Bizkaya a yankin Bask da ke arewacin ƙasar Sifen, ya zama abin misali a wurin masana tattalin arziki wajen nuna yadda al'adu da yawon buɗe ido kan maye gurbin masana'antun da suka durƙushe.

Tun daga ƙarni na 19, arzikin birnin ya dogara ne a kan haƙar tama, narka ƙarfe da ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Nerbiyon. Sai dai a shekarun 1980 waɗannan masana'antu suka shiga mawuyacin hali, har rashin aikin yi ya kai kusan kashi 25 cikin 100. Ambaliyar ruwa ta watan Agustan 1983 ta yi wa tsohon gari mummunar ɓarna, aka kuma rufe babbar masana'antar ƙarfe ta Altos Hornos a 1996.

Domin fita daga wannan hali, hukumomin yankin suka ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Guggenheim ta birnin New York a Amurka, inda suka ɗauki nauyin gina gidan adana kayan fasaha, gidauniyar kuma ta ba da sunanta da kayan nuni. Mai zanen gini Frank Gehry ne ya tsara shi, aka lulluɓe shi da ƙarfen titaniyom, aka buɗe shi a watan Oktoban 1997. Ginin ya ci kimanin dala miliyan 90, lamarin da ya jawo suka daga masu ganin kuɗin sun fi dacewa da ceto ma'aikatan da aka sallama.

A shekaru ukun farko, kimanin mutane miliyan 4 ne suka ziyarci gidan. An ƙiyasta cewa harajin da aka samu daga kuɗin da suka kashe a otal-otal, gidajen abinci da sufuri ya kai wajen yuro miliyan 100, wanda ya isa ya biya kuɗin ginin. Wani abin da ya taimaka shi ne, lardunan Bask su ne ke karɓar harajinsu da kansu, sa'an nan su biya gwamnatin tsakiya kasonta. Saboda haka ribar ta koma aljihun waɗanda suka zuba jarin.

Amma masana na jan hankali cewa gidan tarihin kaɗai bai yi wannan aiki ba. An tsabtace kogin, an matsar da harkokin tashar jiragen ruwa zuwa bakin teku, an buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995, da kuma sabon ginin filin jirgin sama a 2000. Kamfanin gwamnati na Bilbao Ría 2000, wanda aka kafa a 1992, ya riƙa sayar da filayen tsofaffin masana'antu yana mayar da kuɗin cikin ayyukan raya birnin. Haka nan ajiye makamai da ƙungiyar 'yan aware ta ETA ta yi a 2011 ya ƙara wa baƙi kwanciyar hankali.

Baya ga Guggenheim, baƙi kan zagaya tsohon gari mai tituna bakwai da kasuwar Ribera, da gadar Bizkaya ta 1893 wadda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2006, da filin wasa na San Mamés inda aka buga wasan ƙarshe na gasar Europa a 2025. A watan Agusta kuma ana yin bikin Aste Nagusia na kwana tara.

Birane da dama sun kwaikwayi Bilbao ta hanyar gina manyan gidajen tarihi, amma kaɗan ne suka ga irin wannan riba, domin galibi sun yi ginin ba tare da gyaran hanyoyi, tsabta da tsaron da suka tallafa masa ba.