A Sauke Tukunya, Kada a Sheƙa wa Wuta Ruwa

Duk macen da ta saba girki a murhun itace da daddare ta san abin yi idan tukunya ta taso za ta yi ambaliya. Tsumma take sawa ta kama bakin tukunyar ta sauke, ta bar wutar ta yi ta ci ita kaɗai. Da ruwa ta sheƙa wa wutar, da hayaƙi da toka sun turnuƙe ta, ga duhu, domin wutar nan ce ke haska madafin, ga kuma tukunyar da ba za ta daina tafasa nan take ba.

Direban da totur ya maƙale masa a tsakiyar titi yana cikin irin wannan hali. Zuciya za ta ce masa ya kashe inji. Amma injin da yake neman halaka shi, shi ne kuma yake sa birki ya yi laushi a ƙafa, a motoci da yawa har sitiyari da ƙarfinsa yake juyawa. Da zarar ya mutu, taimakon da ya rage a birki bai wuce na taku biyu ko uku ba, daga nan sai ya sandare kamar ana taka dutse, motar kuwa tana nan tana sheƙa gudunta. Sauke tukunya a nan shi ne a tura giya zuwa firi, wurin da aka rubuta N. Injin zai yi ta kururuwa, a bar shi, kwamfutar motar zamani tana da iyakar da ba ta bari ya wuce, kuma ƙarfinsa ya daina kaiwa ga tayoyi. Sai a danne birki da ƙarfi, da ƙafa biyu in ta kama, kada a riƙa ɗagawa ana sake takawa, don kowace ɗagawa tana cinye ɗan taimakon da ya saura. In an gangara gefen titi an tsaya, sannan a kashe.

To, in giyar ta ƙi fa? Sai a kashe injin. A motar makulli, ana murɗa shi baya taki ɗaya, ba a kai shi ƙarshe ba, don kada sitiyari ya kulle. Motar da ake tayarwa da maɓalli kuwa halinta daban. In tana tafiya ka taɓa maɓallin sau ɗaya, a yawancin motoci sai ta yi kunnen uwar shegu da kai. Da gangan aka yi ta haka, saboda gwiwar direba ko hannun yaron da ke gaba. Kuma masu ƙera mota suna da hujja. A 2014 kamfanin General Motors ya janye miliyoyin motoci, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda makullinsu yakan murɗe da kansa ana cikin tafiya, inji ya mutu, jakar iskar da ke kare mutum a hatsari ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124.

Sai dai wannan kariya ta maɓallin ta taɓa zama tarko. A watan Agusta na 2009, kusa da San Diego a Amurka, wani ɗan sandan babbar hanya yana tuƙa Lexus ES 350 da aka ba shi aro, tare da iyalinsa. Kafet ɗin roba da aka shimfiɗa a ƙasa, wanda asali na wata motar ne, ya riƙe totur. Gudun ya haura kilomita 160 a awa, su huɗu da ke cikin motar duka suka rasu. Masu bincike sun lura cewa maɓallin motar sai an danne shi daƙiƙa 3 cur kafin inji ya mutu, kuma ba a rubuta haka a gaban direba ba. Daƙiƙa 3 a wannan gudu, mota ta ci fiye da mita 130, ta wuce tsawon filin ƙwallo. Wanda hankalinsa ya tashi kuwa ba ya danne abu ya jira, dukansa yake ta yi. Daga baya Toyota ta gyara, ta yadda dannawa da sauri sau uku a jere ma tana kashe inji, ta kuma sa tsarin da birki ke rinjayar totur in an taka su tare.

Ni a ganina, kuskuren da aka yi tun farko shi ne barin kowane kamfani ya yi nasa tsarin. Wata motar daƙiƙa 2 take so, wata 3, wata dannawa a jere. Yawancin motoci 'yan Kwatano kuwa ba sa zuwa da littafinsu, don haka mai mota sai ya nemi na ƙirar tasa da shekararta a intanet ya duba. Ya kuma leƙa ƙarƙashin ƙafarsa: wannan ɗabi'a ta ɗora kafet kan kafet don kada na asali ya yi datti, ita ce hanya mafi sauƙi ta maƙale totur.