Keke na jabu

Daga Tsarnawa mutane na ɗora albasa bisa keke, su kai kasuwar Ƙonni. Dole keken ya zama mai ƙarfi.

Keke mai suna, kamar Raleigh, yana da tsada, don ƙarfensa nagari ne. Alamarsa kan zalɓe ce. Tun 2002 aka daina ƙera shi a Nottingham ta Ingila, amma sunan bai daina jan masu saye ba.

Shi ya sa wasu ke samo ƙarfe marar kauri, su shafa fenti, su liƙa alamar. Wannan ne jabu. Ido bai gane shi, sai an ɗora buhu, an faɗa rami, ya karye wurin walda.

Yara, kafin baba ya biya kuɗi, ku duba waldar, ku nemi lambar da aka buga cikin ƙarfen.