Mi ke tura jirgin ruwa gaba?

Jama'ar Matameye, da yawa cikinku sun ga masunta a tabkin Madarumfa ko a gulbin Kwara wajen Gaya. Kun taɓa tambaya mi ke sa kwalekwale tafiya ba injin?

Ga amsa. Matuƙi yana tsoma filafili cikin ruwa, ya tura ruwan baya. Shi kuma ruwan sai ya tura filafilin gaba da ƙarfi daidai da wanda aka sa masa. Ƙarfin nan yana bi ta hannun matuƙi da jikinsa har ya kai ga jirgi. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana wannan doka a shekara ta 1687.

A ƙasar Girinlan mai ƙanƙara, mafarauta suna da ƙaramin jirgin fata. Filafilinsu dogo ne, siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Suna ɗan karkata shi cikin ruwa kamar fiffiken tsuntsu. Kowane ja yana tura ruwa kaɗan, amma sukan ja sau da yawa, kafaɗa ba ta gaji da wuri ba. Manomi ya san haka: babbar garma tana ɗebo ƙasa da yawa, amma tana saurin gajiyar da mutum.

In jirgi ya yi nauyi ƙwarai, yana nitsewa ƙasa, tuƙi ya yi wuya, igiyar ruwa ta shiga ciki. 'Yan'uwa masu zuwa cin rani, in kun ga jirgi ya cika maƙil, ku jira na baya.