Dangantakar Kafireto da Salansa a Aikin Injin Babur

Gabatarwa

Injin babur numfashi yake yi kamar ɗan'adam: yana shaƙa, yana fitarwa. Kafireto ne ke kula da abin da ake shaƙa, salansa kuwa ita ce mafitar hayaƙi. Wannan darasi zai nuna cewa aikin kowannensu ya dogara ne a kan na ɗan'uwansa.

Aikin Kafireto

Kafireto shi ne ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda. Yana da ƙuntataccen maƙogwaro, inda iska kan ƙara sauri, matsinta ya ragu, har ta zuƙo fetur ta wata 'yar ƙaramar kafa. Gwargwadon da ake so shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Idan fetur ya yi yawa, babur kan fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru. Hakan kan faru lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta toshe matatar iska. Idan kuwa fetur ya gaza, inji kan yi zafi fiye da kima, har bawul ya ƙone.

Matsin Hayaƙi

Bayan fetur ya ƙone, fistan kan turo hayaƙi zuwa salansa. Turjiyar da hayaƙin ke fuskanta a hanya ita ake kira matsin baya. Idan salansa ta toshe, ragowar hayaƙi kan maƙale cikin silinda, ya tare wurin sabon gauraye, ƙarfin babur ya ragu, musamman wajen hawan tudu.

Sai dai kuskure ne a fasa cikin salansa don neman gudu, kamar yadda wasu matasa kan yi. Yin haka kan sauya yawan iskar da inji ke zuƙa, alhali kafar fetur tana nan yadda take. Sau da yawa sakamakon shi ne ƙarancin fetur, da zafi, da ƙara marar amfani.

Kammalawa

A taƙaice, duk wanda ya sauya salansa wajibi ne ya sa makanike ya sake daidaita kafireto. Ya kamata malami ya kai ɗalibansa gareji su ga waɗannan sassa da idonsu, domin gani ya kori ji.